Kujera Ɗaya, Yaro Ɗaya: Jawabi Ga Hakiman Ƙasar Daura Da Malamansu

 Abin da ya sa aka roƙi hakimai da malamansu su ba da kunne shi ne maganar yaran makaranta da motocin da a ke ɗaukarsu a ciki, watau yawan yaran da ya halatta a zuba a mota guda, da kuma ɗamarar nan ta jikin kujera wadda direbobi ke kira bel.

Wani zai ce, ina ruwan hakimi da bel, ai wannan aikin ma'aikatan hanya ne. Gaskiya ne su doka ta ɗora wa. Amma ma'aikacin hanya a kan kwalta ya ke tsayawa, mota kuwa ba a kan kwalta a ke cika ta ba. A ƙofar makaranta a ke cika ta, ko a ƙofar gidan dagaci, ko a gindin bishiyar tasha, sau da yawa tun da asuba, a gaban iyaye da malamai. Kafin ta isa inda mai kaki ya ke, ta riga ta ci rabin tafiyarta. Wanda ke iya hana ɓarna tun daga tushe shi ne wanda ke zaune a wurin, wanda in ya ce a rage za a rage ba tare da gardama ba.

Da farko ya kamata a san irin motar da a ke nufi. A Turai da Amurka akwai motocin da aka ƙera musamman don kai yara makaranta da komowa da su. A ƙasar Daura irin waɗannan ba su da yawa. In aka cire waɗansu makarantun kuɗi da manyan makarantu, yawancin yaran Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa a ƙasa su ke zuwa karatu, ko a keke, ko a bayan babur. Ranar da su ke shiga mota ita ce ranar sha'ani: ranar musabaƙa, ko Maulidi, ko walimar sauka, ko wasan ƙwallo da wata makaranta, ko ziyarar buɗe ido zuwa rijiyar Kusugu, ko zuwa zana jarrabawa a Daura ko Katsina, ko komawa makarantar kwana bayan hutu. A irin wannan rana shugaban makaranta ya kan je tasha ya yi cinikin bas. In kuɗi ba su kai ba, sai a koma ga a-kori-kura, ko kuwa wani mai hali ya ba da aron babbar motarsa don neman lada. To, wannan mota, ko ba a rubuta kome a jikinta ba, daga sa'ad da yaro na fari ya sa ƙafa a cikinta ta zama motar makaranta, kuma a kanta wannan jawabi ya ke.

Abin da lodi ke yi wa yara ba labarin nesa ba ne.  A watan Mayu na 2022, cikin kwanakin Ƙaramar Salla, kwalekwale ya kife da yara masu yawon salla a ƙasar Mai'aduwa, aka rasa fiye da goma. Watanni kaɗan kafin wannan, ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ruwa da aka cika fiye da kima ya nutse a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Waɗannan a ruwa ne, amma tunanin da ya cika jirgin shi ne ke cika mota: yara ne, ba su da nauyi, a matsa su shiga. A kan tudu kuwa, a watan Fabrairu na 2018, wata bas da ta ɗauko ɗalibai daga Misau ta Jihar Bauci za su ziyarar ilmi Kano ta yi karo da babbar mota a ƙasar Gaya, fiye da mutum ashirin suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu ɗalibai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da haɗari ya sami motar kasuwa, makoki ya kan rarrabu gari gari. Sa'ad da ya sami motar makaranta, gari guda ne ke binne 'ya'yansa rana ɗaya, aji guda ya wayi gari ba kowa.

Wannan magana ta cewa yara ba su da nauyi ita ce ya kamata a tsaya a kanta, don ita ce uwar kuskuren. Gaskiya ce muddin mota na tsaye. Da ta fara gudu sai lissafi ya sake. Duk abin da ke cikin mota yana tafiya da saurin da motar ke yi, ko da shi bai sani ba. In motar ta daki wani abu ta tsaya farat ɗaya, abin da ba a ɗaure ba ba ya tsayawa tare da ita, sai ya ci gaba da tafiyarsa har ya sami abin da zai tare shi, ko bayan kujera, ko gilashi, ko kan ɗan'uwansa. Masu ilmin lissafi sun auna cewa karo a kan gudun kilomita 50 a sa'a daidai ya ke da faɗowa daga tsawon mita 10, watau kamar daga ƙololuwar bene mai hawa uku. A kan kilomita 80 kuwa, wanda direban hanyar Kazaure ba ya ma kira shi gudu, daidai ya ke da faɗowa daga mita 25. Ba ninki biyu ya ke ƙaruwa ba in an ninka gudu, ninki huɗu ya ke yi.

A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido, an ƙiyasta nauyin jiki ya kan ninka kamar sau talatin. Yaro mai kilo 25 ya zama kilo 750 ke nan, fiye da buhu bakwai na gero. Malamin da ya ɗora yaro a cinya ya rungume shi yana ganin ya tsare shi, to, a tambaye shi ko zai iya cafe buhu bakwai da aka jefo masa lokaci guda. Ba zai iya ba, ba kuwa ƙaton da zai iya. Abin da ya fi muni, in shi malamin bai ɗaura bel ba, nasa nauyin ne zai danne yaron a jikin kujerar gaba.

Ita kanta motar lodi yana sake mata hali. Maƙera sun auna birki da taya da sifirin a kan wani nauyi ƙayyadadde. In aka wuce shi, birki ba ya kamawa a inda ya saba, sai ya ƙara tafiya; a kan kilomita 80 mota na cin mita 22 a daƙiƙa guda, sabo da haka ɗan jinkirin da ba a bakin kome ba shi ne tsakanin tsayawa a gaban saniya da shiga cikinta. Taya kuma tana ɗaukar zafi in nauyi ya yi mata yawa, ga shi a watannin bazara zafin ƙasar nan ya kan haura digiri 40, kwalta ta fi haka. Fashewar taya a irin wannan lokaci ba abin mamaki ba ne. Sa'an nan in aka ɗaura akwatuna da katifun 'yan makarantar kwana a kan rufi, nauyi ya koma sama, motar ta zama mai saurin kifewa a kwana, kamar jakin da aka yi wa laftu ya yi tsawo. Akwai kuma wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. Yaran da aka ƙara ba su da wurin zama sai kan hanyar fita da bakin ƙofa, ko kan ɗan benci da aka saƙala a tsakiya. In wuta ta tashi, su ne suka toshe ƙofa. A Amurka, a jihar Kentaki, ran 14 ga Mayu 1988, wata tsohuwar motar makaranta cike da yara ta yi karo ta kama wuta, mutum 27 suka mutu, ba don ƙarfin karon ba, sai don ƙofar gaba ta toshe kuma ta baya ba ta ishe su fita a kan lokaci ba.

Yanzu a juya ga bel. Irin wanda a ke gani yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu lokaci guda, wani injiniya ne na ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ya tsara shi, kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1959, ya kuma bar sauran kamfanoni su kwaikwaya. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta tilasta ɗaura shi a 1970, Ingila ta tilasta wa na gaban mota a 1983. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwa har zuwa rabi. Ita ce kuma ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya ko wace shekara, kuma ba abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Aikin bel iri biyu ne. Yana riƙe mutum a cikin mota, don wanda aka wurgar waje ya fi kusa da kabari. Yana kuma kai ƙarfin karon ga ƙasusuwa masu ƙwari, watau ƙashin ƙugu da na kafaɗa. Don haka ne wurin da ya bi ya zama abin kula. Igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba, in ba haka ba ita ce za ta yi wa hanji lahani. Ta sama ta bi ta tsakiyar kafaɗa, ba ta wuya ba, kada kuma a maida ta ƙarƙashin hamata ko bayan baya kamar yadda yara kan yi in ta dame su. Yaron da bai kai tsawon da igiyar za ta zauna masa daidai ba yana bukatar matashi mai tauri da aka yi don haka, wanda zai ɗaga shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 kuwa wurinsu baya ne, ba kusa da direba ba.

Daga nan za a ga abin da ya sa aka haɗa maganar bel da ta yawan kujeru a jawabi guda: ba su rabuwa. Bel ɗaya na mutum ɗaya ne. In aka zaunar da yara huɗu a kujerar mutum uku, dole ɗaya ya rasa, ko kuwa a ɗaure biyu da igiya guda, wanda shi ma abin tsoro ne, don a lokacin karo kawunansu ne za su haɗu, ko ɗaya ya murƙushe ɗaya. Duk wa'azin da za a yi a kan bel banza ne muddin ba a fara da ƙidayar kujeru ba.

Ingila ta koyi wannan da hawaye. A can ma dā an yarda a zaunar da ƙananan yara uku a kujerar manya biyu. Ran 18 ga Nuwamba 1993, da tsakar dare, wata ƙaramar bas ta makaranta da ke komowa daga London ta afka wa wata motar gyaran hanya da ke tsaye a gefen titi, ta kama wuta, yara 12 da malamarsu suka mutu. Malamar ce ke tuƙi, bayan ta yini tana aiki. Kujerun baya benci ne guda biyu a jikin bango, suna duban juna, ba bel. Daga 1997 sai doka ta wajabta wa ƙananan bas da manyan motocin safa masu kai yara tafiyar makaranta su ba ko wane yaro kujera mai duban gaba da bel nata, aka kuma soke rangwamen uku a kan biyu a duk inda aka sa bel. Hakimai za su lura cewa bencin nan mai duban juna shi ne ainihin abin da masu walda ke kafawa a bayan a-kori-kura.

Wani mai ilmi, wanda ya yi kallon talabijin, zai iya tasowa ya ce ai manyan motocin makaranta na Amurka, masu ruwan ɗorawa, da yawansu ba su da bel. Haka ne, amma a ji dalili. Tun taron da aka yi a 1939 aka daidaita launinsu da ƙirarsu, a 1977 kuma aka wajabta musu kujeru masu dogon baya, masu laushi, kusa da juna, kafaffu a ƙasa ƙwarai, yadda ko wane yaro ke zaune kamar ƙwai a cikin kiret. Ga kuma girman motar, wanda ke shanye yawancin ƙarfin karo. Duk da haka ƙananan motocinsu, waɗanda nauyinsu bai wuce kimanin kilo 4,500 ba, dole ne su kasance da bel, su ne kuwa sa'o'in bas ɗin tashar Daura. Har manyan ma, bayan haɗarin garin Chattanooga na 2016 inda yara shida suka mutu, hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ba da shawara a 2018 a riƙa sa bel a sababbi, don tsarin kiret ba ya tsare yaro in mota ta kife.

A nan Nijeriya doka ba ta yi shiru ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel ran 1 ga Janairu 2003. A jadawalin dokarta ta 2007 an yanka tarar naira 2,000 ga wanda bai ɗaura ba, naira 10,000 ga mai lodi fiye da kima. Ƙa'idar gudu ga bas da tasi ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya. Daga Fabrairu 2017 aka fara kama motocin haya da ba su da na'urar taƙaita gudu. Hukumar ta kuma tsara ƙa'idoji na musamman ga motocin makaranta, game da fenti da rubutun shaida da mataimakin direba da akwatin magani da abin kashe gobara. Kowa ya san tarar nan ba ta tsorata direba, fasinja biyu na ƙari sun biya ta. Kowa kuma ya san yadda a ke yi a hanya: mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, direba ya yafa bel a kafaɗa in ya hango shinge, ya ture shi in ya wuce. Dokar da ke aiki a gaban shinge kaɗai ba ta tsare yaron kowa.

Akwai wata matsala da ta shafi motocin kansu. Da yawa daga bas ɗin da ke tashoshi an shigo da su ne a matsayin motocin kaya, a nan aka yanka musu taga aka kafa kujeru, aka matse layuka don a sami ƙarin layi guda. Irin waɗannan kujeru sau da yawa ba su da bel, in ma akwai, an ɗaure shi a jikin ƙarfen da ba zai riƙe buhu bakwai ba. Waɗansu kuma an tura bel ɗin ƙarƙashin kujera ya yi shekaru, ƙura ta ci bakinsa. Sabo da haka amsar direba cewa akwai bel ba ta isa ba, sai an jawo shi an ɗaura an fizga an ji ya kama.

Ba za a ɓoye wa hakimai cewa abin nan yana da tsada ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, shugaban makarantar ƙauye kuwa da karo-karon iyaye ya ke tafiya. A ɗauka yana da yara 40 da malamai 3, bas kuma mai kujera 18 ce. Lissafin gaskiya mota uku ne. Lissafin aljihu ya ce biyu, har wani ya ce ɗaya ma ta isa in an ɗora ƙanana a cinyar manya. Shugaban ba mugu ba ne, kunya ce ke damunsa: ya yi wa yara alkawari, iyaye sun yi musu ɗinki, wa zai ce wa ya koma gida? A nan ne maganar hakimi ke da amfani, don tana ɗauke wa shugaban nauyin. In an san tun da wuri cewa a wannan gunduma ba a ɗaukar yaro sai da kujerarsa, ba wanda zai zarge shi, sai a nemi mafita tun kafin ranar. Ko a rage masu tafiya, ko motar ta yi sawu biyu in wurin kusa ne, kamar daga Sandamu zuwa Daura, ko a tunkari masu hali da 'yan siyasar gari. Wanda ke iya yanka sa don walima yana iya biyan mota ta uku, in mai girma ne ya gaya masa. Garin neman ƙiba a kan samo rama.

Wani kuma zai ce kowa da ranarsa, bel ba ya hana ajali. Ba mai musun ƙaddara. Amma mai faɗin haka ya kan kulle shagonsa da dare, ya ɗaure akuyarsa, ya kai ɗansa asibiti in zazzaɓi ya kama shi. Malaman addini kuwa sun sha bayyana cewa dogara ga Allah ba ta hana riƙo da sababi. Yaran nan amana ne a hannun wanda ya ɗauke su, ba su ne suka zaɓi motar ba. Masu cewa bel zai hana fita in mota ta kama wuta ko ta faɗa ruwa, su tuna cewa kwance shi aikin yatsa ɗaya ne ga wanda ke cikin hayyacinsa, wanda kansa ya daki ƙarfe ya suma kuwa ba ya fita ko ba a ɗaure shi ba.

Saura abin da a ke roƙo. An sani cewa tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 hakimi ba shi da ikon da ya ke da shi a zamanin En'e, ba ya kamu, ba ya cin tara. Ba a kuwa neman ya yi. Abin da a ke so shi ne ya tara dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya da alarammomi, tare da shugaban ƙungiyar direbobi na tashar garinsa, ya shaida musu cewa duk makarantar da za ta fita da yara a mota ta sanar da ofishinsa kwana uku kafin tafiya. Motar kaya, ko tifa ce ko a-kori-kura, ba ta ɗaukar yara, ko kyauta aka ba da ita. Tafiyar dare a bar ta, a kuma guji ranakun manyan kasuwanni in da hali, musamman Lahadi a hanyar Mai'aduwa da Kwangwalam, sa'ad da manyan motocin dabbobi ke cika hanya. Lokacin da ya fi bukatar sa ido shi ne watan Maulidi da Sallar Gani, da makon komawa makarantun kwana.

Malamin hakimi kuwa nasa aikin na alƙalami ne, bai fi na rabin sa'a ba. Ya buɗe shafi a littafinsa. Ranar tafiya ya je, ko ya aiki wakili mai hankali, ya fara ƙidaya kujeru kafin a kira yara, kujerun ainihi, ban da benci da jarka da kan injin. Ya rubuta lambar mota, da sunan direba da lambar lasinsa, da yawan kujeru, da yawan waɗanda bel ɗinsu ke aiki, da sunayen yara da malamin da zai raka su, da lokacin tashi. Ya duba taya: a gefen ko wace akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare aiki, kome kyaun zanenta. Ya tambayi direba inda ya kwana da lokacin da ya sauka daga tafiyar jiya. Malamin rakiya ya zauna a baya tare da yara kusa da ƙofa, ba a gaba yana hira ba, a kuma gaya masa a gaban direba cewa yana da ikon cewa a rage gudu.

Inda ba a sami mota mai bel a duk kujerunta ba, wanda zai faru sau da yawa a shekarun farko, a zaɓi wadda ta fi yawa, a riƙe ƙa'idar kujera ɗaya yaro ɗaya, a rubuta gaskiyar abin da aka gani a littafi. Direbobi na da kunne. In suka ga motar da ke da bel ita ke samun cinikin makarantu, su da kansu za su zaƙulo nasu daga ƙarƙashin kujera. Direban da ya ƙi sauke ƙari, a kai sunansa ga shugaban tasha, in abin ya faskara a sanar da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra mafi kusa. Lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122, kyauta ce, malamin rakiya ya riƙe ta a wayarsa tare da lambar malamin hakimi. Kwafin sunayen yaran ya zama biyu, ɗaya ya bi mota, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi har a dawo a sake ƙidaya su a inda aka ɗauke su.